Gargaɗi ga masu kwamfuta a Katsina: a yi hattara da masu “wanke” laftof

Jama'ar Katsina, musamman masu shagunan buga takardu da ɗaliban da ke rubuta aikin kammala karatu, ku buɗe ido. Akwai samarin da ke zagaya shaguna wajajen Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da filasha a aljihu, wai za su wanke maka kwamfuta ta samu fili. Da sun hango layin C, wato layin da ke nuna yawan cikar ma'ajiyar kwamfuta, ya yi ja, sai su ce, “Alhaji, ta cika, saura ƙiris ta mutu.” Ƙarya ce. Jan nan yana nuna cewa filin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba, shi ke nan.

Kafin su goge komai, sai su kwashe fayilolinka zuwa filasharsu, kai kana can kana sallamar kwastoma. Sannan su danna Shift da Delete tare, abin da ke share fayil ba tare da ya bi ta Recycle Bin ba, wato kwandon sharar da ake iya dawo da fayil daga cikinsa. Washegari ka nemi takardun mutane, ko babi na huɗu na aikinka, wayam. Ka kira wanda ya yi maka aikin, ya ja numfashi ya ce dawo da su aiki ne babba, ya yanka maka kuɗin da ya ninka na jiya. Kayanka yake sayar maka! Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne hotunan iyali da na katin NIN da suka rage a hannunsa ko ka biya.

Wasunsu ko aikin ba su iya ba. Su faɗa cikin System32, inda fayilolin da ke tafiyar da Windows suke, su yi ta shara, kwamfuta ta ƙi tashi.

Windows na da nata kayan share tarkace, wato Disk Cleanup da Storage Sense, kyauta ne, kuma ba sa taɓa fayilolin da ke tafiyar da ita. Tsofaffin bidiyo kuwa, ka kwafe su waje tukuna, ka buɗe ka tabbatar, sannan ka goge.

Idan an riga an yi maka ɓarnar, ka daina ajiye komai a cikinta, domin sabon abu na hawa kan wanda aka goge. A tsohuwar ma'ajiya irin ta hard disk akwai sa ran dawo da fayilolin. A sabuwar ma'ajiya irin ta SSD kuwa, wani tsari da ake kira TRIM kan share su gaba ɗaya da wuri. Ka kashe ta, ka kai wa mai gyaran da ke da shago sananne, kuma ka tsaya a kansa har ya gama.