Haɗiye fushi ko zuba masa ido

A daminar bara awakin maƙwabcina suka shiga gonata a wajen Ringim, suka cinye waken da ya fara fure. Na yi abin da aka rene mu a kai, na haɗiye. Na ce "Ba komai, Malam," alhali ƙirjina na tafasa. Haɗiyewa tana da ranarta, ta hana mu zuwa gaban mai unguwa. Amma fushin ya bi ni gida. Da daddare na daka wa autana tsawa kan butar da ya kifar, yaron ya tsaya yana kallona, idonsa cike da hawaye.

Hanya ta biyu, ta zuba wa fushin ido, ƙanena ne ya nuna mini. Asalinta koyarwar Buddha ce, jagoran addinin da ke ɗauke da sunansa, wanda aka haifa a Lumbini, Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. A 1979 wani masani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya raba ta da ibada, ya mayar da ita darasin mako 8 ga marasa lafiya a Jami'ar Massachusetts ta Amurka. Ka zauna, ka bi numfashinka, ka lura inda fushin ya tokare a jikinka, kada ka kore shi, kada ka biye masa. "Yaya, ba bauta ba ce," in ji ƙanena, ganin na yamutsa fuska.

Ta fi wuya, hankali yakan gudu gona. Amma ita na fi so, domin randa awakin suka dawo, na zauna gindin darbejiya minti 5, sannan na je na ce wa maƙwabcin ya ɗaure su, muryata ba ta rawa.