Shawarar ma'aikatan laburare a Kaduna kan littattafan da suka fi so

Hidimar da na fi darajawa a laburaren jama'a da nake zuwa a cikin garin Kaduna ita ce shawarar da ma'aikatansa ke bayarwa kan abin da ya dace mutum ya karanta. Ba sa miƙa littafi sai sun tambayi shekarun mai karatu da abin da yake nema.

Ga ɗalibin da Hausarsa ta yi rauni, kamar yadda ake yawan samu a makarantun kuɗi na garin nan, sukan fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, saboda labaransa gajeru ne kuma kowane ɗaya yana iya tsayawa da kansa, don haka yaro yakan kammala guda kafin gajiya ta kama shi. Babban mutum kuwa sukan nuna masa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 da aka shirya a Zariya, kuma a ganina wannan zaɓi ne mai kyau, domin littafin ya bayyana zafin bauta da fataucin hamada ba tare da ƙarin gishiri ba. Mai binciken tarihin Arewa sukan tura shi Arewa House, tsohon gidan Sardauna.

Abin da ke damuna shi ne ƙarancin sababbin littattafai, musamman na marubuta mata, har ma'aikaci yakan yaba wa littafin da babu kwafinsa a kan kanta, sai mai karatu ya nemo shi a kasuwa.