Kamfanin jinya ko 'yar unguwa: wa za a bar wa tsoho a gida?

Tun da Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, 'yan uwa daga Mabera har Runjin Sambo a cikin Sakkwato ke tambayata: kamfanin jinya a gida ya fi, ko a ɗauko matar da aka sani?

Wajen kuɗi, 'yar unguwa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ta san yadda Inna ke son furarta.

Amma wa ke duba aikinta? Kamfani yana da inda za a riƙe shi. Ka nemi rajistarsa ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ka ga lasisin nas ɗin da idonka, ka tambayi yaushe jami'an lafiya suka zo duba su. Rajista kaɗai fa ba shaidar iya jinya ba ce. Abin da ya fi tayar mini da hankali gyambon kwanciya ne. In ba a juya majinyaci duk bayan awa 2, sai baya ya fara saɓulewa, a zafin Sakkwato kuwa abin ba ya jira.

Mai allurar insulin ta ciwon sukari ko robar fitsari, kamfani mai nas ya dace da shi. Tsohon da ke takawa da ƙafarsa, 'yar unguwa ta wadatar, muddin ɗan gida na leƙawa kullum.