Yaya ga labarin Dandi, har kakanni ake nema a kwamfuta

Salam Yaya, ya gida ya su Umma? Ka ce in dinga ba ka labarin yadda abubuwa suke a nan garin Dandi (Dundee) na ƙasar Sukotland, to yau ba maganar tsadar doya zan maka ba duk da wlh guda ɗaya a shagon 'yan Afirka sai ka riƙe baki, wani abu na gani daban.

Tsohuwar nan maƙociyata da nake taya ta cefane ce ta ce in taimaka mata da laftof tana neman gidan kakarta. Na ɗauka wasa take. Ashe a Sukotland tun 1841 duk shekara goma ake ƙidayar gida-gida da sunan kowa, banda 1941 saboda yaƙi, ta 2021 kuma sai 2022 aka yi ta, kuma takardun na nan a ajiye a Edinbura babban birninsu, sai sun cika shekara 100 ake buɗe wa jama'a, na 1921 ma sai 2022 aka sake shi. Akwai shafin gwamnati ScotlandsPeople, neman suna kyauta ne amma ganin hoton takardar sai ka biya, turawan nan ba sa barin kwabo ya wuce su.

Muka buɗe na 1911. Yaya mutum takwas a ɗaki biyu! Don su har yawan ɗakuna masu taga suke rubutawa. Uba lebura, uwa da manyan 'yan mata biyu duk a masaƙar algarara suke, wato irin buhun da ake ɗura gyaɗa zamanin dalar gyaɗa a Kano, garin Dandi da wannan sana'ar ya yi suna, daga Indiya ake kawo zaren ɗanye kuma mata ne suka fi yawa a masana'antun. Ga kuma wani ɗan haya da aka cusa cikinsu don a samu na biyan kuɗin gida. Ni da nake zaton tun fil azal a daula suke, sai na tuna gidan hayarmu na da, mu bakwai tabarma ɗaya.

Inda jikina ya yi sanyi, a ƙidayar shekarar an tambayi matan aure 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ke raye. Takardar ta ce tara, shida a raye. Tsohuwa ta cire tabarau ta yi shiru, wai ba wanda ya taɓa faɗa mata akwai ukun nan, shayinta har ya huce ba ta kurɓa ba.

Ba wai babu kuskure ba fa, sunan gidan an rubuta shi iri biyu, sai da muka yi asarar kuɗi kan wani gida da ba nasu ba, a na 1841 kuma shekarun manya ragewa ake zuwa biyar-biyar, ɗan 34 ya koma 30.

Mu kuwa rabonmu da ƙidaya tun 2006, ranar haihuwar Baba ma "shekarar fara" kawai muka sani. Amma Hajiya Kaka tana jero kakanni bakwai da ka ba ta biyan ko sisi, har da wanda ya zo daga Gobir da raƙuma. Don Allah Juma'ar nan ka kai mata goro ka kunna rikoda a wayarka, ka tambaye ta har yaran da suka rasu suna jarirai, sunayensu nake so. Ka turo min ta WhatsApp, kuɗin data na kaina.