Na canza akwatin ajiyar hotunan shagona zuwa Synology DS224+

Wata huɗu ke nan da na jona shi a shagona na ɗaukar hoto nan Birnin Kebbi, abokan sana'a sun dame ni da tambaya wai ya ci kuɗinshi ko kuwa, to bari in faɗa sau guda kowa ya huta. Ga wanda bai sani ba irin wannan na'ura NAS ake ce mata, ɗan akwati ne da ake zura ma faifan ajiya, a jona shi da rauta, duk kwamfuta da wayar da ke shagon su riƙa ajiya da ɗauka wuri guda.

Tsohon nawa ya yi min shekara shida, ba zan ci amanarshi ba, hotunan biki da suna da na kamun kifin Argungu na 2020 duk yana riƙe da su, amma RAM ɗinshi, wato ma'ajiyar wucin gadi da yake aiki da ita, 512MB ne kacal, ka danna folda ka je ka yi alwala ka dawo ƙananan hotunan ba su gama fitowa ba, kwastoma na tsaye kanka yana kallon agogo.

Sabon ya zo da ƙwaƙwalwa (processor) Intel Celeron J4125 da RAM 2GB, akwai gurbin ƙara 4GB ya zama 6, ni dai ranar farko na ƙara. Faifai biyu yake ɗauka, na sa masu 4TB, kuma ba sai da sukundireba ba, ka jawo tire ka maƙala ka mayar. Na saita su duk abin da ɗaya ya rubuta ɗayan ma ya rubuta, don haka kar ka lissafa 8TB, ko huɗun ma ba ta cika ba.

In saurin kwafi kake nema kar ka ɗora buri, ƙofofin jona wayar rauta biyun da ke bayanshi gigabit ne, gudunsu ɗaya da na tsohona, bidiyon biki bai wuce kamar 110MB a sakan. Inda na ga bambanci wajen nema ne. Manhajar Synology Photos na gane fuska, ta kwana uku tana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, da ta gama sai ga wata Hajiya ta zo tana cewa ɗan nan ko kana da hoton marigayi Alhaji wanda ka ɗauka bikin ɗiyarmu, ita kanta ta manta shekarar. Na samo fuskarshi a hoto guda na danna, sauran duka suka jeru har da na wani suna da ban ma san ya halarta ba. Da tsohon ne wallahi sai dai in ce Hajiya ki dawo jibi.

Sai tsarin jera bayanai kan faifai da ake kira Btrfs, mai zuwa da snapshot, wato yana riƙe hoton yadda folda take kowane dare. Yarona ya goge foldar wata amarya gaba ɗaya da sunan share shara, minti biyu na dawo da ita, har yau bai san na sani ba. Amma fa don in samu wannan dole na sa sabbin faifai na kwashe komi daga tsohon ta wayar rauta, kwana biyu cur.

Wutarmu kuma kun san halinta, kar ka sayi akwatin nan ba ka da UPS ko sola, ni na jona UPS ta USB yana kashe kanshi lafiya in batir ya yi ƙasa. Tsohon na kai gida yana karɓar kwafi na biyu, don faifai biyu cikin akwati guda ɓarawo guda ke ɗauke su.

Ƙurar hunturu duk sati nake hure mishi ita. Kamfanin sun ce ya yi aiki tsakanin 0 da 40 a ma'aunin zafi, mu kuwa Afrilu na wuce 40 nan Kebbi, na dai matso da shi ƙarƙashin fanka ina jiran bazara.