Grimm: ɗan sandan da ke ganin masu rikiɗa

Duk wanda ya tashi yana jin labarin mutanen da ke rikiɗa su koma kura da daddare, shirin Grimm ba zai zo masa a baƙo ba. Tashar NBC ta Amurka ce ta haska shi daga 2011 zuwa 2017, zango 6, kashi 123. Ni a wajen masu tura fina-finai a nan Birnin Kebbi aka zuba min shi a waya.

Nick Burkhardt ɗan sanda ne mai binciken kisan kai a birnin Portland. Ya gaji wani ido a danginsu: mutum na tsaye gabansa, da zarar ransa ya ɓaci ko tsoro ya kama shi, sai Nick ya ga fuskar ta juye ta koma ta kyarkeci ko ta maciji, alhali sauran jama'a ba su ga komai ba. Wesen ake kiran irin waɗannan halittu. Sunan shirin kuwa daga Jacob da Wilhelm Grimm aka ɗauko shi, Jamusawan nan wa da ƙane da suka tattara tatsuniyoyin ƙasarsu suka fara bugawa a 1812. A cikin shirin, tatsuniya gargaɗi ce da kakanni suka bar wa jikoki, shi ya sa idan bincike ya cije, Nick ke komawa ga tsofaffin littattafan da innarsa Marie ta bar masa.

Inda ya fi kama ni shi ne kashin Aswang a zango na 3, wata halitta ta ƙasar Filifin mai dogon harshe da ke bin mata masu ciki. Saja Wu, abokin aikin Nick, wanda kakarsa ta sha ba shi labarinta yana yaro, ya gan ta ƙiri-ƙiri. Ya rasa wanda zai faɗa wa, har aka kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa. Wallahi na tausaya masa, domin abokan aikinsa sun san gaskiya suka yi gum. Sai kuma La Llorona ta Meziko, matar da ke kuka a bakin kogi tana jan yara cikin ruwa. Nan take na tuna yadda tsofaffi a Argungu ke tsorata mu da 'yan ruwa don kada mu kusanci Matan Fada da magariba.

Monroe abokin Nick ma na so shi, Wesen ɗin nan mai rikiɗa kyarkeci, mai gyaran agogo da ya yi wa kansa alƙawarin daina cin nama.

Aibinsa, daga tsakiya sun nutse cikin rikicin gidan sarauta da na bokanya Adalind, binciken ya koma baya, ga shi saboda binciken na zauna kallo. Akwai jini sosai, da wuraren da ba su dace a kalla da yara ba. Wanda bai da lokaci, zango na 1 zuwa na 3 sun ishe shi.