Kada ka hau Sukur ba tare da ɗan jagora ba

Mutum zai iya hawa dutsen Sukur shi kaɗai, amma duwatsu kawai zai gani ya sauko. Samarin garin da ke raka baƙi tun daga gindin dutse su ne suka san abin da ke bayan kowace katanga, kuma ni dai ban yi da-na-sanin kuɗin da na biya ba.

Garin yana ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, a kan tsaunukan Mandara, dab da iyakar Kamaru. Wanda ya raka mu haifaffen can ne, Hausa a bakinsa tsaf. Akwai dattijuwa a cikinmu, amma ko sau ɗaya bai gaggauta mu ba, in ta tsaya sai ya ce, "Inna, huta abinki, dutsen ba ya gudu." Hanyar kanta abin kallo ce. Kakanninsu ne suka shimfiɗa ta da fala-falan duwatsu, kuma ya durƙusa ya nuna mana inda tafin ƙafa ya goge dutse har ya yi santsi.

A sama ya kai mu fadar Hidi, wato sarkin Sukur, wadda aka ɗora katangarta dutse bisa dutse ba tare da siminti ba. Shi ya gaya mana inda baƙo zai taka da inda ba a shiga. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ramin kiwon sa: an haƙa shi a cikin gida, an jera masa duwatsu, ana ciyar da san a ciki har ya yi ƙiba. Daga nan sai tsofaffin wuraren narkar da tama. Ƙarfen nan shi ya ɗaga sunan Sukur a da, domin da shi maƙwabta ke ƙera fartanya. Gonakin dawa kuwa hawa-hawa suke a jikin dutse, kowace da 'yar katangar da ke hana ruwan sama kwashe ƙasa.

Bai ɓoye mana masu ɗaci ba. Ya ba mu labarin hare-haren kamen bayi na Hamman Yaji, sarkin Madagali na lokacin, a farkon ƙarni na 20, da yadda Boko Haram ta ƙona gidaje a 2014. Ya yi maganar a nutse, amma ni sai da idona ya cicciko. Wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1999, na farko a duk Najeriya, bai kamata a ce yawancinmu 'yan Arewa ba mu ma san da shi ba.

Ku daidaita kan ladan jagora tun a ƙasa, kafin a fara hawa. A tafi da isasshen ruwa da takalmi mai riƙe ƙafa, a tashi da sassafe kafin rana ta take. Sannan a tambayi mutanen Gulak, hedikwatar ƙaramar hukumar Madagali, halin tsaron hanya kafin a kama tafiya.